Ina feshi duk mako amma kaska ba ta barin shanuna, in ninka maganin ne?

Tambaya: Likita, ina da shanu 34 a gonata da ke wajen Zariya. Yawancinsu Bunaji ne, sai 'yan ruwa biyu guda shida da na sayo don madara. Tun faɗuwar damina duk mako yarana ke fesa musu maganin kaska, famfon goyo biyu kowane feshi, amma ba a kwana uku sai kaskar ta dawo. Biyu daga cikin 'yan ruwa biyun sun mutu, ɗaya da fitsarin jini, ɗayar kuma ta yi ta zagaye har ta faɗi tana shure-shure. Maƙwabcina Bafulatani da hannu kawai yake cire kaska, kuma ko maraƙi bai rasa ba. Maganin ne jabu, ko in ninka ƙarfinsa?

Amsa: Alhaji, Allah Ya mayar maka da mafi alheri. Kada ka ninka maganin. In ka ninka, abin da za ka samu shi ne saniya mai dalalar miyau da rawar jiki, da yaron da ya shaƙi guba, da madarar da bai kamata a ba yara ba, kaskar kuma tana nan daram. Jabun magani akwai shi a kasuwa, ban musa ba, amma daga bayaninka ba a nan gizo ke saƙar ba.

Mu fara da lissafin famfon nan biyu. Famfon goyo lita 16 ne ko 20. Babbar saniya kafin ta jiƙe yadda ya kamata, har ruwan ya ratsa gashi ya taɓa fata, tana cin lita 4 zuwa 5. Ke nan famfo ɗaya na shanu uku zuwa biyar ne. Naka 34, ko da an cire maruƙa an yi musu rabin awo, suna buƙatar famfo shida ko bakwai. Abin da yaranka ke yi yayyafi ne a gadon baya, inda kaska ba ta cika zama ba. Hantsa da hammata da ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne, inda take, a bushe suke tashi. Wannan ita ce matsalar da na fi tararwa a garken masu kiwo a zaune, kuma ba ta da alaƙa da ingancin magani.

Sai dai ko an gyara feshin, akwai abin da ya fi shi muhimmanci: kaskar da ke jikin shanunka ba iri ɗaya ba ce, kuma shanunka biyu ba cuta ɗaya ta kashe su ba.

Ka sa a kayar maka da saniya ɗaya da safe ka duba da idonka. A hantsa, da tsakanin cinyoyi, da hammata, da marainan bijimi, za ka ga wata babba mai ƙyalli, bayanta da zanen ruwan goro da kore-kore, ƙafafunta da zobe-zobe fari. Fulani na ce mata koti, mu a wurin bincike Amblyomma variegatum. Bakinta dogo ne, tana nutsa shi can cikin fata, kuma ba ta zama ita kaɗai: namiji ke fara kamawa, ya fitar da wani wari da ke kiran mata da sauran maza, sai ka ga sun yi cincirindo wuri ɗaya. A wuya da leɓe da kafaɗa kuwa za ka ga wasu ƙanana masu launin toka-toka, in sun ƙoshi su yi kamar ƙwayar wake. Waɗannan dangin Boophilus ne, Fulani na haɗa su da sauran ƙananan su ce miri. Akwai ta uku, Hyalomma, mai dogayen ƙafafu da saurin gudu, wadda ta fi son gindin wutsiya da jelarta, kuma ta fi yawa in aka nausa arewa wajen Sakkwato da Katsina da Nijar inda ƙasa ta fi bushewa.

Saniyar da ta yi zagaye ta faɗi tana shure-shure, alamunta sun yi kama da cutar ruwan zuciya, wadda wasu makiyaya ke kira kabowa. Koti ce ke ɗauko ta. Zazzaɓi ne mai zafi da ke haura digiri 40, dabba ta riƙa ɗaga ƙafa sama-sama in tana tafiya, tana motsa baki kamar mai tuƙa alhali ba tuƙar take ba, tana ƙifta ido, sai faɗuwa. In an feɗe ta akan tarar da ruwa ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciya da kuma cikin ƙirji. Tun a shekarun 1970 masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello suka yi aiki mai yawa a kan wannan cuta a yankin naku, don haka ba baƙuwa ba ce a Zariya. Mai fitsarin jini kuwa, ƙananan nan ne suka sa mata Babesia, ƙwayar da ke shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su, launin ya fita ta fitsari. Ita ce cutar farko a duniya da aka tabbatar cewa kaska ke yaɗa ta, a aikin Theobald Smith da Kilborne a Amurka a 1893. Na ce alamun sun yi kama ne, domin tabbaci sai an duba jini ko ƙwaƙwalwa a madubin likita. Akwai ta ukunsu da ke ɓoyewa, Anaplasma: jini ya ƙare, dasashi da cikin ido su yi fari sannan su koma rawaya, kashi ya bushe, amma fitsari ba ya ja. Ita wannan har ta allura ɗaya da ake bi da ita garke duka tana yaɗuwa.

Yanzu batun maƙwabcinka, wanda na san shi ya fi ci maka rai. Ba asiri yake da shi ba. Maraƙin da aka haifa a ruga yana da wata kariya ta halitta daga Babesia da Anaplasma har zuwa wajen wata tara. In kaska ta cije shi a wannan tsakanin, cutar takan shige shi ba tare da ta kayar da shi ba, jikinsa ya san ta, ya tashi da garkuwa. Daga nan cizon da yake sha lokaci-lokaci sabunta garkuwar yake yi. Ga ruwan zuciya lokacin kariyar gajere ne, makonni uku zuwa huɗu na farkon rayuwa, amma ƙa'idar ɗaya ce. Ga kuma jini: Bunaji da Rahaji da Bokoloji sun daɗe da kaska, jikinsu na hana da yawa daga ƙananan ƙoshi. 'Yan ruwa biyunka sun zo da jinin Firishiyan, wato shanun madara na Turai, kuma wataƙila sun tashi a gonar da ake wanke su fes tun suna maruƙa. Sun iso wurinka manya, ba garkuwa, ana tsakiyar damina.

Kuma ka lura da abin da Bafulatanin ke cirewa. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan Filato, aka wallafa a 2013, ya nuna makiyayan can na cire kaska da hannu kamar sau uku a mako da damina, sau biyu da rani, kuma koti suke bi, ƙananan ba su cika damuwa da su ba. Wato suna kawar da mai lalata hantsa, suna barin waɗanda ke yi wa maruƙa rigakafi. Ko sun san dalilin a kimiyyance ko ba su sani ba, tsarin ya yi daidai da shanunsu. Abin da nake so ka riƙe ke nan: a ƙasa irin tamu, inda garke ke haɗuwa a burtali da mashaya, ba a ƙarar da kaska. Amurka ta yi hakan a jihohinta na kudu, amma ta ɗauke ta daga 1906 zuwa 1943, da dokar tilasta wanka da hana zirga-zirgar dabbobi, kuma har yau tana gadin iyakarta da Meziko saboda ita. Wanda ya ce zai yi haka shi kaɗai a gonarsa, garkuwar shanunsa zai kashe, ranar da magani ya yanke masa kuma ya kwashi asara.

To me ya sa ake tsananta wa koti? Domin ɓarnarta ta wuce ruwan zuciya. Inda ta yi cincirindo gyambo ke fitowa, ƙuda ya yi tsutsa, kan nono ya toshe ko ya gutsure. Saniyar da ta rasa nono biyu ta tashi daga saniyar madara, maraƙinta ma ba zai ƙoshi ba. Sannan ita ce uwar kirci. Ƙwayar kirci tana nan a fatar shanu da yawa ba ta yin komai, amma yawun koti na raunana garkuwar jiki, ruwan sama ya jiƙa fata, sai ɓawon ya bazu a baya da gindi. Duk garken da ya rage koti da farkon damina, kircinsa na raguwa. 'Yan ruwa biyu kuwa kirci na yi musu kamun da ba ya yi wa Bunaji.

A nan ne aikin wani likitan dabbobi Bafaranshe, Frédéric Stachurski, yake da amfani gare ka, kuma ina ganin bai samu yaɗuwar da ta dace da shi ba a wajenmu. Ya yi aiki a Wakwa kusa da Ngaundere a Kamaru, a kan shanun Gudali, inda ya auna ya ga kowace macen koti da ta ƙoshi tana rage wa sa fiye da giram 50 na nauyin da zai ƙara. Ya kuma lura cewa a garke ɗaya wasu shanu ƙalilan ne ke kwasar kaso mafi yawa na kaskar, kuma su ɗin ne dai kowace shekara. Daga baya ya koma cibiyar binciken kiwo ta CIRDES da ke Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, ya tsaya kan tambayar da kowa ya ɗauka ya san amsarta: ta ina koti ke hawa saniya?

Abin da ya gano, ya wallafa a 2000, shi ne babbar koti ba ta hawa kan ciyawa ta jira kamar ƙananan. A ƙasa take ɓuya, in ta ji saniya ta zo sai ta biyo ta, ta kama fatar da ke tsakanin kofato. Nan take maƙalewa wuni guda ana kiwo. Sai dabba ta kwanta, galibi da dare a mashekari, sannan ta saki ta hau zuwa hantsa ko hammata ta kafa baki na dindindin. Kai ma za ka iya gwadawa: da yamma in shanu sun dawo, ka ɗaga ƙafar guda biyu ko uku ka buɗa tsakanin kofaton. A watan Yuni za ka same su a nan, ba su kumbura ba tukuna.

Daga wannan ne ya fito da wankan ƙafa. Ana gina ɗan kwarmi na siminti a ƙofar shinge, tsawonsa ya isa saniya ta taka da ƙafafu huɗu, a yi masa katanga hagu da dama yadda sai ɗaya bayan ɗaya za su bi. A zuba ruwan magani zurfin santimita 15 zuwa 20. Da yamma in sun dawo kiwo su ratsa ta ciki kafin su kwanta, duk bayan kwana biyu ko uku, na tsawon makonnin farkon damina da manyan koti ke fitowa. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna kaskar na mutuwa kafin ta kai hantsa, maganin da ake kashewa kaɗan ne in an gwada da feshin jiki duka, garke kuma na wucewa cikin 'yan mintuna ba kayarwa ba ɗauri. An kuma ga yana rage ƙudan tsando mai kawo sammore, saboda shi ma ƙafa ya fi cizo. Inda dabarar ta fi karɓuwa shi ne wurin masu kiwon madara a zaune kusa da birni, irinka ke nan. Mai tashi da garke zuwa kudu da rani ba zai ɗauki kwarmin siminti a ka ba. Iyakarsa kuma ita ce koti yake kamawa. Ƙananan nan ba ta kofato suke bi ba.

Su ƙananan rayuwarsu daban ce. Koti sau uku take hawa dabba a rayuwarta, kowane hawa ta sha jini ta sauka ta yi saɓa a ƙasa, shi ya sa manyanta ke da lokaci sananne, farkon damina, matsakaitanta kuma da kaka zuwa hunturu. Boophilus kuwa tun tana ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero take hawa, ta yi kusan mako uku a jikin saniya ɗaya, ta ƙoshi ta faɗo ta zuba ƙwai dubu biyu ko fiye. 'Ya'yan su hau kan ciyawa su jira, har watanni. Don haka wadda ka gani bayan kwana uku da feshi, sau da yawa ba wadda aka fesa ba ce ta farfaɗo, sabuwa ce daga makiyaya, ko wadda ruwan bai taɓa ba.

Akwai kuma baƙuwa a cikinsu da ta sauya lissafi a Afirka ta Yamma, Rhipicephalus microplus. Asalinta Asiya, ta yi kaka-gida a Kudancin Amurka, aka fara ba da rahotonta a Kodebuwa a 2007, aka same ta a Benin bayan shigo da shanu daga Barazil, ta bazu Burkina Faso da Mali da Togo. Binciken Filato da na ambata bai same ta ba, amma a 2017 masu bincike na cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Filato sun wallafa tabbacin tana Najeriya, an kuma same ta a Kamaru. Ta fi 'yan gida saurin hayayyafa, tana korar su ta maye gurbinsu, tana yaɗa Babesia bovis wadda ta fi kisa, kuma ta yi suna a duniya wajen gagarar magani. Da ido ba za ka bambance ta da 'yan gida ba. In ka ga Bunajinka da ba su saba ɗaukar kaska da yawa ba sun cika da ƙanana har wuya ya yi kamar an watsa musu tsakuwa, a duba ta.

Ga yadda zan yi da a ce garken nawa ne. Zan raba shi biyu a tsarin kula. 'Yan ruwa biyun huɗu da suka rage ba su da garkuwa, don haka su kariya sosai za a ba su: a rage musu fita daji, a yanko musu ciyawa daga inda shanu ba sa kiwo, a yi musu cikakken feshi duk mako da damina ko a sa musu irin maganin da ake zubawa a gadon baya, kuma a sayi ma'aunin zafi. Zafin saniya lafiyayya digiri 38 zuwa 39 ne. Duk wadda ta ƙi cin abinci da safe a auna ta, in ta kai 40 a kira likita ranar, ba gobe ba. Ruwan zuciya na jin oksitetirasaikilin, wanda 'yan kasuwa ke ce wa LA, amma sai an yi shi tun ana matakin zazzaɓi. In ta fara zagaye, yawanci an makara. Fitsarin jini kuwa diminazin ne maganinsa, wanda aka fi sani da Berenil, miligiram 3.5 kowane kilo na nauyin dabba, ko imidokab. LA ba ya kashe Babesia, Berenil kuma ba ya taɓa ruwan zuciya, shi ya sa allurar kirdado ke cin kuɗi ta ci saniya.

Bunaji kuwa a sassauta musu. A bi koti da wankan ƙafa, ko a fesa ƙasan jiki kaɗai, ƙafafu da hantsa da hammata da ƙarƙashin wutsiya, daga ruwan farko zuwa tsakiyar damina. Feshin jiki duka sai in ƙananan sun yi yawa, kuma tazarar mako biyu zuwa uku ta isa tunda sai sun yi mako uku kafin su faɗo. Maruƙan da aka haifa a gonar, har da 'ya'yan 'yan ruwa biyun, kada a wanke su tas. A bar musu 'yan ƙananan, a cire koti in ta taru. Shanu biyu ko uku da kullum su ne matattarar kaska, ka sa su a layin sayarwa. Kaji a mashekari suna taimakawa, suna tsince wadda ta faɗo har da ta jikin saniya in tana kwance, sai dai a kulle su ranar feshi.

Wajen haɗa magani, abin da ke jikin kwalba shi ne doka. Amitiraz mai ƙarfin kashi 12.5, alal misali, mililita 2 ake sa wa kowace lita, wato mililita 40 a famfo mai lita 20. A auna da sirinji, ba da murfi ba. Ruwan ya zama mai tsabta, don laka na cinye ƙarfin magani, kuma abin da aka haɗa a ƙarar da shi ranar. A fesa daga baya zuwa gaba, daga ƙasa zuwa sama, yadda gashi zai tashi. Kada a yi in hadari ya haɗo. Amitiraz ba a kusantar da shi ga doki da jaki, yana iya kashe su. Fiya-fiya da maganin feshin wake da baƙin mai ba na jikin dabba ba ne, kowa ya ce maka ya gwada ya ga aiki ka tambaye shi fatar saniyar bayan wata ɗaya. Sannan sauya kwalba ba sauya magani ba ne: duk wanda sunan sinadarinsa ya ƙare da "methrin" a rubutun jikin kwalba dangi ɗaya ne, kaskar da ta gagari ɗaya ta kusa gagarar sauran. In za a sauya, a tashi daga wannan dangin zuwa amitiraz, ko daga amitiraz zuwa gare su, kuma ba kowane mako ba, sai an ga shaida. Haɗa biyu a famfo ɗaya da hannunka hanya ce ta rasa su duka.

Cirewa da hannu ina goyon bayanta a ƙaramin garke, da sharaɗi. A kama ta daf da fata, don in bakin koti ya karye a ciki ƙurji zai yi. A jefa ta a wuta ko cikin kananzir, kada a yar a ƙasa, macen koti ɗaya na iya zuba ƙwai fiye da dubu goma. Kuma kada yara su riƙa fasa ta da farce. Hyalomma na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini, saniya ba ta nuna alamar komai amma mutum yana iya mutuwa, kuma an samu ƙwayar a Najeriya.

In ka gyara yawan ruwa da awo da wuraren feshi, ka yi sau biyu ko uku, amma har yanzu kana ganin ƙananan suna ƙoshi suna faɗowa kwana biyu bayan feshi, to a nan ne zargin gagarar magani ko jabu ya samu gindin zama, kuma ana iya gwadawa. Ka tara ƙosassun mata kamar 20 zuwa 30 daga shanu daban-daban kafin feshi na gaba, ka sa su da rai a roba mai 'yan huji da ɗan danshin auduga, ba a rana ba. Wasu kuma, har da ƙananan mazan da ke maƙale kusa da matan, ka sa su a kwalba da sifirit don a gane irinsu. Ka kai tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello tunda tana kusa da kai, ko Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, tare da kwalbar maganin da kake amfani da shi. A ɗakin gwaji ana barin matan su yi ƙwai, a gwada 'ya'yan da magani iri-iri, a ga wanda har yanzu yake kashe su. Yana ɗaukar kamar mako shida, don haka a fara tun damina ba ta yi nisa ba. In kuma wata ta sake faɗuwa, Allah Ya kiyaye, kada a binne ko a feɗe kafin likita ya ɗauki jini daga kunne da ɗan samfurin ƙwaƙwalwa.